Daɓen da Magini Ya Bari

Takalmansa kawai aka samu. Silifas ne, an jera su a ƙofar wani sabon shago a layinmu, a ciki kuma ga daɓen siminti ɗanye, sumul, babu ko sawun kaza. Magini ya gama aikinsa tsaf, daga nan ko sama ko ƙasa. Yau shekara goma sha wani abu ke nan.

Ni ban zo layin ba sai bayan abin ya faru. Aski nake yi, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, shagon da na kama haya shi ne wannan shagon. Ranar da na shiga na shimfiɗa leda a kan daɓen, na kafa madubi, na rataye talabijin. Labarin kuwa a kujerata na tsince shi, don wanda ya ba ka kansa ba ya hana ka bakinsa.

Kowa da yadda yake ba da shi, amma duk a kan mutum ɗaya suke sauka: Auta, ƙanin maginin, wanda ke kwaɓa masa siminti. Da safen ranar an ji su suna cacar baki a ƙofar shagon, har wan ya ɗaga hannu ya mare shi. Alhaji mai shagunan ya shaida wa 'yan sanda cewa da azahar ya ga Auta ya dawo, sun fita tare ta ƙofar gaba. An tsare Auta, ba a sami komai a kansa ba, aka sake shi. Hukuma ta sake shi, layi bai sake shi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan na uwarsu. Tun ranar Inna ba ta ƙara kiran sunansa ba. Kullum da safe yana ajiye mata jarkar ruwa a ƙofar ɗakinta, ita kuma ta sa ƙafa ta tuntsurar. Ta rantse ba zai ɗauki gawarta ba. A lokacin da nake ba ku labari ciwo ya fara kwantar da ita, Nas ɗin layinmu kuma ta ce mana a ɓoye tafiyar ba ta da nisa. Ni dai ina aske Auta in ba kowa a shago, kuma ina jin tausayinsa, amma ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

*

Kowace Asabar da la'asar shagona cika yake yi, ba don aski ba. Akwai wani shiri da muke mutuwar so, *Har Yau Shiru*, wanda ke tono labarin mutanen da suka ɓace ba a gano su ba. Mu kuwa duk mun zama 'yan sandan ciki. Nas ba ta jiran a gama gabatarwa, mijin take kamawa. Wani direban tifa da ke zuwa kallo ya ce duk wanda ya fi kowa kuka a gaban kyamara shi ne. Alhaji mai shaguna ma ba ya fashi, sai dai daga bakin ƙofa yake kallo, a tsaye. In na ba shi kujera ya ce gashin da ke ƙasa yana sa shi tari.

Sai kuma Baban Sawu. Tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun shanun sata, gwiwa ta zaunar da shi, ya dawo wurin 'yarsa a layinmu. Shi talabijin ba ta dame shi ba. Inuwa yake zuwa sha, idonsa a ƙasa. Ya taɓa gaya mini wani baƙo da na aske yana da ciwon ƙugu, tun mutumin bai buɗe baki ba.

Wata Asabar sai ga layinmu a talabijin. Masu shirin sun zo watannin baya sun ɗauki hotuna, mun ma fara cewa sun manta da mu. Ga ƙofar shagona, ga hoton magini da hularsa a karkace, ga Alhaji yana maimaita shaidarsa, ga Auta an ɗauke shi daga nesa yana kare fuska. A ƙarshe mai gabatarwa ya kalle mu ya ce mutumin ya ɓace bai bar ko sawu ɗaya ba.

"Ni na tuna ranar kamar jiya," in ji Nas. "Na ga takalman da idona. Mutum ba ya barin takalminsa sai an ɗauke shi da ƙarfi."

"Takalmin roba na aiki ne a ƙafarsa," Alhaji ya ce daga ƙofa. "Na faɗa tun a lokacin."

"Wata ƙawata ta ce ta gan shi a tashar mota a wani gari," Nas ta ƙara, "da wata mace."

"Ke dai ki tsaya wuri ɗaya," in ji Direba. "An ɗauke shi ne, ko mace ya bi?"

Aka yi dariya. A cikin dariyar Baban Sawu ya yi magana, bai ɗago kai ba.

"Yaron nan na talabijin ya yi kuskure. Babu mai rai da zai wuce bai bar sawu ba. Sai dai a rasa mai gani."

Ya ɗan daddanna ledar da ƙasan sandarsa, ya dube ni. "Ɗana, gobe ka rufe shago da wuri. Gwiwata na son rakiya."

*

Auta muka fara nema. Yana buga bulo a ƙarshen gari, inda ba a san shi sosai ba. Da ya gan mu ya ajiye shebur, fuskarsa ta nuna ya gaji da tambaya tun ba a yi ta ba.

"Ban zo tambayarka inda ka kai shi ba," in ji Baba. "Me ya haɗa ku?"

"Na makara ne, Baba. Kuma na ce masa na gaji da kwaɓi, tuƙi zan koya. Ya mare ni, na juya na tafi. Ko cikin shagon ban leƙa ba, ranar ce farkon aikinmu a wurin. Ban koma ba. Na faɗa har muryata ta dushe."

"Yaya wanka yake daɓe?"

A duk shekarun nan babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Sai ya durƙusa a kan yashi ya nuna mana: gwiwa biyu a ƙasa, hannun dama yana shara da cokalin gini daga hagu zuwa dama, sannan ya ja da baya, ya sake sharawa.

"Da baya da baya yake tafiya. Yana farawa daga nesa da kwaɓi, ya ƙare a inda kwaɓin yake. Kuma Yaya ba ya waiwaye. Yakan ce mai waiwaye ne daɓensa ke karkacewa." Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

Direban tifa kuwa da ƙyar muka sha kansa. Shi ya kawo yashin aikin, kuma washegarin ɓatan ya bar gari, abin da ya sa wasu suka daɗe suna kallonsa a kaikaice. Da ya ga Baba ya nufo garejinsu sai da ya kusa faɗowa daga kan taya.

"Baba, ni fa ɗan kallo ne. Surukata ce ta rasu, na kai matata. Duk garejin nan sun sani."

"Na yarda. A ina ka juye yashin?"

"Yashi?" Ya sosa ƙeya. "A baya. Ta lungu na shiga, don tankin ruwa a can yake. Har na yi ta kaffa-kaffa da taya, akwai wasu falankai a shimfiɗe jikin bango."

"Falankai a kan me?"

"Wallahi ban ɗaga ba."

A hanya na ce wa Baba, to matar tashar mota fa? Ya ce duk mutumin da ya ɓace sai an gan shi a tasha, ko da kuwa yana kwance a asibiti.

Daga nan ya ce in kai shi bayan shagunan. Fili ne na ƙasa, ciyawa jefi-jefi, da ɗakin ajiyar Alhaji a can kusurwa, wanda shi kaɗai ke da makullinsa. Ni ban ga komai ba sai bayan bangon shagona da tsohon tanki. Baba ya tsaya ya daɗe, ya jingina da sanda, yana kallon ƙasa kamar mai sauraron magana. Ya shafa bangon da tafin hannu. Da muka fito titi sai ya dube ni.

"Saura uwar."

Inna na kwance a kan tabarma, ta rame har hannunta ya koma kamar kara. Jarkar safe na gefe a kife, ƙasa ta jiƙe.

"In wanke shi kuka zo yi, ga ƙofa nan," ta ce.

"Ban zo wanke kowa ba, Inna," in ji Baba. "An ce ba ki taɓa shiga shagon nan ba."

"Me zan gani a ciki?"

"Aikin ɗanki na ƙarshe. Ki zo jibi tun hantsi bai yi ba, Nas za ta riƙo ki."

Ta juya fuska bango. Na ɗauka ba za ta zo ba.

*

Ta zo. Kowa ma ya zo, don na baza cewa Baban Sawu zai yi magana a kan shirin Asabar, kuma a layinmu wannan ya fi gayyatar biki tara jama'a. Direba ya zauna a benci yana ta goge gumi. Nas ta zaunar da Inna a kujerar aski. Auta ya tsaya a waje can gefe, inda uwarsa ba za ta gan shi ba. Alhaji na bakin ƙofa kamar kullum.

Baba ya sa muka fitar da kaya, muka matsar da kujerar Inna gefe, muka naɗe ledar. Ya ce a kashe fitila, a buɗe ƙofar gaba ɗaya, kowa ya matsa jikin bango. Rana ta fito ke nan, haskenta ya shigo a kwance, yana shafar ƙasa.

Shekara nawa ina taka daɓen nan ina ɗaukarsa sumul. Da hasken ya kwanta a kansa sai ga layuka sun fito, siraran baka-baka, ɗaya na bin ɗaya, jere bayan jere, kamar ruwan tafki in iska ta taɓa shi. Na ji Nas ta ja numfashi.

"Ga sawun," in ji Baba a hankali. "Ba na ƙafa ba ne, na hannu ne. Mai daɓe a durƙushe yake, hannunsa na zagaya shi. Duk bakan da kuka gani, shi yana cikinta. In bakar ta buɗe nan, to nan ya ja jiki."

Ya tsaya a ƙofar gaba ya nuna jeren farko da sanda. "Nan ya cire takalmi ya shiga, nan ya fara. Da nan zai fita, da nan ya ƙare." Sai ya juya mana fuska, ya fara tafiya da baya, taku ɗaya ga kowane jere, sandarsa na shara iska daga hagu zuwa dama. "Nan kwaɓi ya ƙare masa, ya je ya ƙaro, ga gaɓar. Nan ya canja gwiwa, ta hagu ta gaji. Nan ya dawo da cokali sau biyu, wani ɗan tsakuwa ya ɓata masa rai."

Wallahi ba tsohon muke gani ba. Maginin muke gani, da hularsa a karkace, yana aiki a gabanmu. Inna ta dafa hannun kujera ta miƙe zaune.

Baba ya ci gaba da ja da baya har bayansa ya bugi bangon ƙarshe, daidai inda madubina yake rataye shekara da shekaru.

"To. Sawu ya kawo ni nan, kuma mutum ba ya ratsa bango."

"Ai babu ƙofa a nan," na ce. Bakina ne ya riga ni.

"Yanzu babu." Ya ƙwanƙwasa bangon a gefe, ya ƙwanƙwasa a tsakiya, sautin ya bambanta. "Yashi a baya yake, ruwa a baya yake. Ta ina yake shigo da kwaɓi? Ƙofa ce a nan, an toshe ta da bulo. Wanda ya toshe ta kuma ba magini ba ne, hannu ya gaya mini tun daga waje, layin bulon hawa da sauka yake."

Ya durƙusa da ƙyar, na riƙe masa kafaɗa. A gindin bangon bakar ƙarshe ba ta cika ba. Ta faro daidai, ta kai rabi, sai ta zarce a miƙe zuwa bango, dogon karce mai zurfi. A kansa an shafa siminti an dame, shafar wanda bai taɓa riƙe cokali ba.

"Nan ya sa gwiwa a waje," in ji Baba. "Da safe ya ga falankai a bayan ƙofar, ya yi ta bi ta kansu yana ɗauko kwaɓi. Shi kuma ba ya waiwaye. Da ya ja da baya na ƙarshe, falankan ba sa nan. Hannunsa ne ya nemi abin kamawa."

Direba ya sa hannu biyu ya rufe baki.

Baba bai kalli ƙofa ba, ƙasa yake kallo. "Alhaji, na je bayan shagunan nan. Hanyar da ƙafarka ta fitar zuwa ɗakin ajiya a miƙe take, sai a bayan bangon nan ta yi kwana, ta zagaye wurin da babu dutse, babu ƙaya, babu komai. Na bi sawun dabbobi da yawa. Ba sa zagaye wuri sai sun san abin da ke cikinsa."

Na juya. Alhaji na nan a bakin ƙofa, yatsun ƙafarsa daidai kan dokin ƙofar, inda suke tsayawa kowace Asabar. Sai a ranar na gane ba gashi ne ke sa shi tari ba.

"Shigo mana, Alhaji," in ji Baba. "Shagonka ne."

Ya ɗaga ƙafa, ya kasa sauke ta a kan daɓen. Sai ya sulale ya zauna a ƙasa a waje, babbar rigarsa cikin ƙura.

"Ramin salga ne," ya ce, muryar kamar ba tasa ba. "An haƙa shi da zurfi, ba a rufe ba. Kafinta ya ce yana son falankai a ɗaya shagon. Na kwashe su na kai masa, na ce minti kaɗan ne. Na leƙa, na ga yana aiki, ban so in katse shi ba. Da na dawo..." Ya kalli bangon ƙarshe. "Yana cikin ramin, ya riga ya cika. Na rantse ya riga ya cika. Tsoro ya kama ni. Na zuba ɓaraguzai, na toshe ƙofar da hannuna."

"Auta fa?" in ji Nas. "Me ya yi maka?"

"An tambaye ni wa na gani. Kowa na maganar marin. Na ce za su sake shi, ai ba su da hujja." Ya ɗago ido jajur. "Kuma sun sake shi."

Daga baya 'yan sanda sun zo sun tafi da shi, an haƙa bayan bangon, an sami abin da Baba ya ce za a samu, da cokalin gini kusa da ƙasusuwan hannun dama. Masu shirin ma sun dawo da kyamarorinsu, Baba ya ce a gaya musu yana barci. Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba.

Abin da ya tsaya mini a safiyar ne. Inna ta zame daga kujerar aski, ta ture hannun Nas, ta sauka a kan gwiwoyinta. Ta sa tafin hannu a kan baka ɗaya ta bi ta daga hagu zuwa dama. Ta ja jiki ta bi ta gaba. Haka ta yi ta bi, jere bayan jere, muna tsaye jikin bango ba mai ko tari, har ta kai gindin bangon, ta ɗora hannu a kan karcen. Ta daɗe a nan. Ba ta yi kuka ba, ni ne na yi.

Da ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. Na miƙa hannu, Direba ya miƙa, Nas ta sunkuya. Ba ta kalli ko ɗayanmu ba. Ta juya kai wajen ƙofa, inda rana ta zana inuwar wani mutum da ke tsaye a gefe, wanda duk muka ɗauka ba ta san yana nan ba.

"Auta," ta ce. "Zo ka tashe ni."

Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya jera su, ya shigo.